Martani: Ba Ƙwayar Mako-Mako Ce Ke Cinye Ƙodar Iyayenmu Ba

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da makala a kan magungunan da likitoci ke ba masu fama da zaizayar ƙashi, ya yanke hukuncin cewa su ne ke kai iyayenmu mata ga wankin ƙoda. Hujjarsa labarin wata dattijuwa ce daga yankin Shinkafi, wadda aka ɗora a kan ƙwayar nan da ake sha sau ɗaya a mako bayan ta karye, daga baya ƙafafunta suka kumbura, aka gwada aka ce ƙoda ta gaza, har rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta, ya ba iyalinta haƙuri. Daga wannan labari guda Malam marubucin ya yi kira ga mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da su karɓe irin waɗannan ƙwayoyi daga hannun tsofaffinsu su zubar, su koma ga abin da aka saba da shi na rage ciwo.

Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba. Duk wanda ya ga yadda wankin ƙoda ke cinye gona da garke a ƙasar nan, dole gabansa ya faɗi in aka ambaci ƙoda. Amma shawarar da ya bayar tana iya kwantar da tsohuwar da ke tafiya da ƙafafunta, kuma abin da ya ce a koma gare shi shi ne ainihin abin da ke lalata ƙodar. Shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Zaizayar ƙashi daban take da sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai da tsofaffi ke kuka da shi kullum, kuma Malam ya cakuɗa su a makalarsa. Sanyin ƙashi ciwon mahaɗa ne, gwiwa da kafaɗa da yatsu, yana sanar da kansa tun da wuri. Ita kuwa zaizaya ba ta da ciwo sai ta gama ɓarna. Kamar azarar da gara ta cinye ta ciki ce: a ido lafiya lau, ranar da aka ɗora mata ɗan nauyi sai ta ruguje. Jikin mutum kullum yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, amma da zarar mace ta daina ganin al'ada, sinadarin da ke tsare mata ƙashi ya ragu, sai rushewa ta fi gini yawa. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin gane cutar ta hanyar auna kaurin ƙashi, kuma ƙididdigar da masana suka dogara da ita a duniya ita ce mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar, daga waɗanda suka haura shekara 50, za su gamu da karaya irin ta wannan cuta. Na'urar awon ba ta samuwa sai a manyan birane, to amma mu nan alamun a tsakar gida muke ganinsu. Inna ta rage tsawo, bayanta ya ranƙwafa, ta sunkuya ɗaukar buta ƙugu ya riƙe, sai ta ce tsufa ne. Sau da yawa ƙashin gadon bayanta ne ya murƙushe a hankali.

Wanda bai taɓa jinyar tsohuwa mai karayar kwankwaso ba bai san abin da ake gudu ba. Santsin bakin rijiya ko na makewayi ya isa. A ɗauko ta a kwantar a tabarma, a kira maɗori ya ɗaure da karare da tsumma, alhali wurin da ya karye yana can cikin nama inda ɗori ba ya kaiwa. Mako biyu, uku, ba ta iya juyawa sai an juya ta. Bayanta ya fara salewa, gyambon kwanciya ya buɗe, fitsari a kwance, tari ya shiga ƙirji. Matar da jiya take sussuka da kanta, yau jikanyarta ce ke ɗaga mata kai ta sha kunu, tana kawar da fuska don kunya. Ko a ƙasashen da ake yi wa mutum tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, kusan ɗaya cikin biyar na masu irin wannan karaya ba sa cika shekara. To ina ga wadda ke ƙauyen Zurmi, da sai an yi shawara da addu'a kafin a hau hanyar Ƙaura, balle a dangana da Gusau ko Sakkwato inda likitan ƙashi yake? Ko sau ɗaya Malam bai ambaci wannan ba, ya auna haɗarin magani ya bar haɗarin rashinsa.

Ƙwayar da ake magana a kanta ita ce alendironet, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Fosamax, an fara amfani da ita a Amurka a 1995, ana shan miligiram 70 sau ɗaya a mako. Aikinta rage wa ƙwayoyin jikin da ke rushe ƙashi ƙarfi. A babban gwajin da aka wallafa a 1996, wanda aka yi da mata 2,027 da suka riga suka samu karayar gadon baya, ta rage sabuwar karayar baya da ta kwankwaso da kusan rabi cikin shekara uku. Abin da ke shiga jini daga ƙwayar da aka haɗiya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Daga wannan ɗan kaɗan, kusan rabi ya maƙale a ƙashi, sauran ƙoda ta fitar da shi ta fitsari yadda ya shigo. Da aka koma aka duba matan da ke cikin irin waɗannan gwaje-gwaje masu ɗan raunin ƙoda na tsufa, ba a ga ƙwayar ta ƙara musu lalacewar ƙoda fiye da waɗanda ba su sha ba.

A nan ne zan ba Malam gaskiyarsa, domin yana da ita, kuma ba ƙarama ba ce. Tunda ta ƙoda maganin ke fita, in ƙodar ta riga ta yi rauni sosai ba a ba da shi. Takardar da ke cikin kwalin ta faɗi haka ƙarara: in tacewar ƙoda ta yi ƙasa da mililita 35 a minti, a bar alendironet. Wani bincike da aka wallafa a 2021, daga bayanan marasa lafiya a Birtaniya da yankin Kataloniya na Sifaniya, ya nuna masu matsakaici zuwa tsananin ciwon ƙoda da suka sha irin waɗannan ƙwayoyi sun ɗan fi saurin ci gaban ciwon, da kusan kashi 15 cikin ɗari. Sannan akwai na ƙarin ruwa, zoledironik, wanda ake sayarwa da sunan Aclasta ko Reclast, miligiram 5 sau ɗaya a shekara. Shi kam yana shiga jini gaba ɗaya a lokaci guda, kuma ya taɓa kashe ƙodar mutane, har Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗi a kansa a watan Satumba na 2011, ta hana ba wanda tacewar ƙodarsa ba ta kai 35 ba. Amma a duba su wane ne abin ya shafa: masu raunin ƙoda tun asali, waɗanda ruwan jikinsu ya ƙare, masu shan maganin sa fitsari, da masu haɗa shi da magungunan kashe ciwo. Mafi yawan labaran ban tsoro kuma daga masu ciwon daji suka fito, waɗanda ake ba miligiram 4 duk mako uku ko huɗu, wato fiye da ninki goma na abin da mai zaizayar ƙashi ke samu a shekara. Wannan maganin dai, a gwajin 2007 da aka yi da mata sama da 7,700, ya rage karayar gadon baya da kashi 70 cikin ɗari, ta kwankwaso da kashi 41, kuma bayan shekara uku ba a ga bambancin aikin ƙoda tsakanin waɗanda suka karɓa da waɗanda ba su karɓa ba. A wani gwajin na shekarar, da aka ba waɗanda suka riga suka karye a kwankwaso, mace-mace ma sun ragu da kashi 28 cikin ɗari.

Abin da waɗannan alƙaluma ke cewa a fili yake: a gwada ƙoda kafin a ba da magani. Gwajin kiriyatinin ne, ɗan jini kaɗan, ba sai an je Kano ba. Da Malam ya ɗaga murya a kan wannan, da ni ne na farkon mara masa baya, domin a nan ne sakacinmu yake. Akwai ma wani tarko da ya kamata ma'aikatan lafiyarmu su kiyaye. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, tsohuwa siririya kuwa ba ta da tsokar kirki, saboda haka sakamakonta na iya fitowa kamar lafiya lau alhali ƙodar ta yi nisa da rauni. Sai an haɗa lambar da shekarunta da nauyinta an yi lissafi kafin a san gaskiyar tacewar. Wanda ya kalli takarda kawai ya ce ba komai, ya rubuta magani, ya yi ganganci.

Dattijuwar da Malam ya kawo labarinta, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce yaya ƙodarta take ranar da ta haɗiyi ƙwayar farko. Ciwon ƙoda ma ba ya sallama. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa gona yana zuwa kasuwa bai sani ba. Kuma ƙoda ce ke mai da bitamin D ya zama mai aiki a jiki, ita ce ke daidaita kalsiyam da fosfet a jini. In ta yi rauni, jiki sai ya koma yana kwasar kalsiyam daga ƙashi. Ke nan ciwon ƙoda da kansa yana zaizaye ƙashi, sau da yawa ma karaya ce ke fara bayyana kafin kumburin ƙafa. Sai a ba da maganin ƙashi, bayan watanni ciwon da ya daɗe a ɓoye ya fito, a ce ai ga abin da ƙwaya ta jawo. In ba a yi gwaji tun farko ba, babu mai iya rantsuwa a kan wanne ya riga wanne, kuma bai dace a gina kira ga al'umma gaba ɗaya a kan abin da ba a tabbatar ba.

Ina roƙon Malam ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya tsaya a tashar Ƙaura da hantsi, ya kalli farantin masu tallan magani da ke yawo cikin rana. Ya tambayi mai farantin maganin ciwon jiki ko na sanyin ƙashi. Zai ga an ɓare masa ja ɗaya, fari biyu, rawaya ɗaya, mai kwanso ɗaya, an ƙulle a leda, a ce a watsa gaba ɗaya bayan an ci tuwo. A cikin wannan ƙullin ana samun diklofenak da ibufurofen da firoksikam, wanda aka fi sani da Feldene, wani lokaci biyu ko ukunsu a haɗe, alhali dangi ɗaya ne, likita ba ya haɗa su. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Matashi mai lafiya ya sha na kwana biyu, jikinsa zai ɗauka. Amma tsohuwa mai hawan jini, cikin zafin bazara, ba ta sha ruwan kirki ba, tana shan ƙulli safe da yamma shekara da shekaru don ta samu ta yi sallah a tsaye, ita kam ana yanka ƙodarta ne a hankali. Ga kuma gyambon ciki da suke haddasawa. Wannan shi ne abin da aka saba da shi da Malam ya ce a koma wa.

Ƙaramar farar ƙwayar da ke cikin ƙullin kuwa sau da yawa deksametason ce ko firednisolon. Ita ke sa mutum ya ji garau washegari ya ce mai farantin nan ya san aiki. Ita ce kuma 'yan mata ke sha don ƙiba. Shan ta na tsawon watanni yana daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa zaizayar ƙashi a duniya, yana tayar da hawan jini, yana tayar da sukari, su biyun nan kuwa su ne kan gaba wajen kashe ƙoda a ko'ina. Leda ɗaya ta naira kaɗan tana cin ƙashi tana cin ƙoda a lokaci guda, ana sayar da ita a bainar jama'a babu takardar likita. Mata nawa ne a Zurmi ke shan alendironet? Ba su taka kara sun karya ba, domin kafin a rubuta wa mace shi sai ta ga likitan da ya gane cutar. Masu shan ƙulli kuwa kusan babu gidan da babu su. A Gashuwa ta jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗibar mutane har da matasa majiya ƙarfi, ba wanda ya ce maganin zaizayar ƙashi suke sha.

Mu a Zamfara muna da wani dalilin na daban da zai sa mu kula da ƙashi da ƙoda tare. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya Bagega, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara kusan 400 suka rasu kafin ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran hukumomi su shawo kan abin. Dalmar da ta shiga jikin babba, sama da kashi 90 cikin ɗari a ƙashi take zama, ta yi shekaru gommai a can. Lokacin da ƙashi ke saurin rushewa, wato lokacin ciki da shayarwa da bayan ɗaukewar al'ada, sai ta riƙa komawa jini, dalma kuwa sananniyar mai lalata ƙoda ce da tayar da hawan jini. Ƙauyukan da abin ya faru ba a nan arewacin jihar suke ba, amma haƙar zinare da aure da gudun hijira sun gauraya mutanenmu. Macen da ta zauna a irin waɗannan wurare tana ƙuruciya, ƙodarta na bukatar a duba ta tun kafin a yi zancen kowane magani.

Akwai wani maganin da ba ta ƙoda yake fita ba, denosumab, mai sunan kasuwa Prolia, allura ce duk wata shida. Wani zai ce to ga mafita. Ni dai ina ganin bai dace da yawancin mutanenmu ba a halin da ake ciki. Yana da tsada, sai an ajiye shi a firiji, kuma in aka makara da allura ta gaba ƙashi na saurin komawa baya har a samu karayar gadon baya fiye da ɗaya. Wanda ya tuna 2021, lokacin da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar nan, ya san ba a yi wa hanya alkawarin wata shida. Ga masu tsananin ciwon ƙoda kuma yana iya sauke kalsiyam na jini ƙasa ƙwarai, har hukumar Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a Janairun 2024. Ko ƙwayar kalsiyam da mutane ke saya da kansu ba a sha barkatai, domin an ga tana ɗan ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Gara a nemi kalsiyam a abinci, nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, ƙananan kifin da ake ci da ƙaya. Na san satar shanu ta sa nonon da a da ake kai wa har ƙofar gida ya zama na mai hali, wannan ma wani rauni ne da rashin tsaro ya yi wa ƙashin tsofaffinmu da yaranmu.

Illolin ƙwayar mako-mako da aka fi gani ma ba a ƙoda suke ba, a maƙogwaro suke, kuma Malam bai faɗe su ba. In aka haɗiye ta aka koma aka kwanta, tana iya ƙona hanyar abinci. Ana shan ta ne da safe ciki babu komai, bayan sallar asuba misali, da cikakken kofi na ruwa zalla. Ba da shayi ba, ba da koko ba, ba da fura ba, domin ko ɗan nono ya hana ta shiga jini. Sai a zauna a miƙe ko a yi ta hidimar gida na rabin awa kafin a karya. Da azumi sai a tashi da wuri a sha ta rabin awa kafin sahur. Mai ruɓaɓɓen haƙori ya gyara shi kafin ya fara, wanda ya ji wani sabon ciwo a cinya ya koma asibiti, bayan shekara biyar kuma likita ya duba ko za a huta. Na ƙarin ruwan kuwa, kada a karɓe shi ana azumi, ko ana cikin gudawa da amai irin na damina, ko an sha rana an galabaita. A sha ruwa sosai kafin da bayan, a bar shi ya ɗiga a hankali, kada ya gaza minti 15, a kuma nisanci ƙullin kashe ciwo a kwanakin. In jiki ya yi zafi bayansa, parasitamol ya wadatar.

Malam, alƙalaminka yana da masu saurare a garuruwan nan, akwai gidajen da tuni aka ɓoye wa tsohuwa ƙwayarta saboda abin da ka rubuta. Ina roƙonka ka sake ɗaukar alƙalamin ka gyara. Ka nemi gwamnatin jiha ta tabbatar kowane babban asibiti a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi yana gwajin kiriyatinin a farashin da talaka zai iya. Ka nemi NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su waiwayi farantan da ke yawo a kasuwanninmu. Ka tambayi masu kemis dalilin da ya sa suke sayar da maganin ƙashi ga wanda bai zo da takarda ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu tsofaffi a gida, in likita ya ɗora Inna ko Baba a kan wannan magani, kada ku zubar. Ku koma wurinsa da kwalin, da duk wata leda da kwalba da suke sha a ɓoye, har da jiƙo da tsimi, ku tambaye shi ko an gwada ƙoda kuma nawa tacewarta take. In ba a gwada ba, a gwada kafin shan ƙwaya ta gaba. In ta haura 35, su ci gaba da sha yadda aka tsara, a riƙa maimaita gwajin duk shekara tare da awon hawan jini da na sukari.